Ranar da Farfela Ya Tashi Tanki Daga Barci

"Ni dai tanki bai taɓa yin barci a gabana ba. Ko na uban waye, in na shigo, dole ya tashi ya yi aiki."

Da wannan maganar mijin yayata ya buɗe baki ranar da ya fara sa ƙafa a ɗakin sanyi na kamfaninmu, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana nuna tankuna kamar gandiroba yana ƙirga fursunoni. Yanzu kuwa duk dangi sun haɗa baki wai ni na kai shi na baro. Ni fa! Mutumin da ko ƙuda zan kora sai na ba shi haƙuri tukuna. Yaya ta daina ɗaukar wayata, 'ya'yanta in sun hango ni sai su tsallaka titi. To, abokina, gyara zama in ba ka labarin, kai ka yi mana alƙalanci.

Kamfaninmu lemon malt muke yi, baƙin nan mai zaƙi na kwalba, wanda ake dafawa da sha'ir, babu barasa ko ɗigo. In an gama dafa shi, sai a turo shi ta bututu zuwa ɗakin sanyi, a ɗura a wasu tankunan ƙarfe masu sheƙi, dogaye har suna neman taɓa rufi. Tankin hutu muke ce musu. A nan lemon zai zauna makonni, sanyi ya ratsa shi, tsakin hatsi da duk wani tarkace su sauka a hankali su kwanta a gindi, sama ta washe tas, gas ɗin da aka matsa masa ya shige jikinsa. Aikin ke nan: ka ƙyale shi. Ba a girgiza shi, ba a ɗumama shi, ba a tsokanarsa. Duk wanda ya iya zama a kujera ya naɗe hannu, ya iya rabin aikin. Ni kuwa, ba yabon kai ba, a wannan fannin babu na biyuna.

Ɗaya rabin kuma harshe ne, shi ma a bakina yake. Ni ne mai ɗanɗano na kamfanin. In na kurɓi lemo na wuce da shi ƙarƙashin gashin bakin nan nawa, wanda har matan ofis ke tambayar da wane mai nake gyara shi, zan gaya maka ko ya huta ko da sauran gajiya a jikinsa. Shi ya sa ake ce mini Mai Harshe. Da tsohon shugaban ɗakin sanyi ya yi ritaya, kowa ya san wuyan da mabuɗin ɗakin zai koma. Har na fara ɗumama kujerar.

Ana cikin haka sai ga Yaya a gidana da jajayen idanu. Kamfanin haɗa sinadarai da maigidanta ya yi shekara da shekaru yana aiki an rufe shi, mutum ya dawo gida ya zame mata ƙarfen ƙafa. Ya kwance fankar falo, ya kwance injin markaɗe, ya fara kallon firji.

Ta ce, "Auta, ka rufa mini asiri ka samo masa aiki, kafin ya kwance ni."

Auta take ce mini har yau, da furfurata da tumbina. Na ji tausayi. Na je na roƙi Hajiya mai kamfani ta ɗauke shi ko gyaran bututu ne ya riƙa yi. Ta ce ya zo ta gan shi.

Ka san wani abu? A can kamfaninsu su ma suna da tankuna, amma nasu kowanne da farfela a ciki, tana juyawa ba tsayawa. Domin in ta tsaya, kayan ciki rabuwa suke yi, ruwa ya hau sama, na ƙasa ya daskare kamar siminti, sai an shiga da diga an fasa. Su a can, in ana son a gane aiki ya yi kyau, sai a ɗebo daga sama a kofi, a ɗebo daga ƙasa a kofi, a ɗaga su a haske. In sun zama iri ɗaya, an ci nasara. Wannan karatun shi ne kaɗai a kan mijin Yaya, kuma ya cika kan taf, babu wurin da wani zai shiga. Ko shayi aka ba shi, sai ya juya shi har ya huce. A bayan idonsa Farfela muke ce masa. A gaban idonsa kuwa Injiniya, domin in ba ka ce haka ba, ba zai waiwayo ba.

Ya shiga ofishin Hajiya a matsayin mai neman gyaran bututu. Ya fito da mabuɗin ɗakin sanyi rataye a wuya.

Ashe ya tarar da ita cikin damuwa. Wani babban dila yana son kaya masu yawa cikin gaggawa, tankuna kuwa duk suna hutu. Farfela ya buga ƙirji ya ce abin da muke jira makonni shi a 'yan kwanaki zai gama, wai mun mayar mata da kamfani ɗakin kwana. Hajiya na shirin tafiya, sai ta yanke magana: ta ba shi tankin ƙarshe na lungu ya gwada. Ran da ta dawo za ta zo da dila. In dila ya kurɓa ya yaba, mabuɗi ya zama nasa har abada. In bai yaba ba, ƙofar da ya shigo tana nan a buɗe.

Ni da na kawo shi, na koma ƙarƙashinsa. Na dai ɗauke matashin da nake sawa a kujerar, domin nawa ne.

Washegari ya zo cikin farar rigar aiki har gwiwa, da hular kwano, da biro uku a aljihu. Ya zagaye tankin, ya leƙa bayansa, ya durƙusa ya duba ƙarƙashinsa.

"Mai Harshe! Ina makunnin farfela?"

"Babu, Injiniya."

"Ya lalace ne?"

"Ba a taɓa sa masa ba. Haka aka haife shi."

Ya dafe kai. "Tanki ba farfela? To me ke juya kayan?"

"Ba a juyawa. Kwanciya ake so su yi."

"Kwanciya! Ku kwanta, tanki ya kwanta, kaya su kwanta. Wannan kamfani ne ko asibiti?"

Na ce, "Mu dai haka muka tarar, Injiniya. Amma ka san mu ba mu yi zurfi ba."

Ka ji fa. Akwai zuga a nan? Gaskiya na faɗa, sai ɗan ladabi da na yayyafa mata.

Ya kira Dogo, mai wankin tankuna, wani zabgegen mutum sa'ana wanda in yana tafiya sai ka ɗauka hutu yake yi. Ya miƙa masa gudumar roba.

"Doke shi."

Dogo ya dubi tanki, ya dube ni. "Me ya yi?"

"Doke shi na ce! Girgiza za ta shiga ciki, kaya su motsa."

Dogo ya ɗan ƙwanƙwasa kamar mai sallama a gidan surukai. Farfela ya fizge gudumar, ya ce a matsa masa a ga yadda maza ke yi. Ya ja da baya, ya tattaro ƙarfin shekarunsa duka, ya maka. Tankin ya ce gummm. Guduma kuwa ta roba ce, ba ta ajiye bashi: ta dawo ta sami hular kwano, hular ta nutse har hanci. Sai da ni da Dogo muka kama, ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya ja, sannan muka ciro Injiniya daga cikinta.

Yana fitowa ya ce, "Kun ji yadda ya amsa?"

Na ce, "Mun ji. Har ya rama."

Duka dai bai yi ba, domin tankin ya fi ƙarfin guduma. Kwana ya kewayo, Farfela ya dawo da sabuwar dabara, da rigar sanyi biyu a ƙarƙashin farar rigar, haƙoransa na kaɗawa kamar keken ɗinki.

"Na gano ciwon," in ji shi. "Sanyi ne. A wurinmu in ana son sinadari ya kama da wuri, wuta ake ba shi. Wa ya taɓa yin sauri cikin sanyi? Dogo, rufe bututun sanyin tankin nan."

Dogo ya ce, "Mai Harshe, ka ji fa."

Na gyara murya. Ina so ka saurari wannan da kyau, domin ita ce maganar da ake riƙe ni da ita. Na ce, "Injiniya, tsohon shugabanmu kullum cewa yake kada a kuskura a kashe sanyi. Amma fa shi bai taɓa aiki a kamfanin sinadarai ba."

Na yi gargaɗi ko ban yi ba? Rabin farko gargaɗi ne tsantsa. Laifina ne in mutum ya zaɓi rabin baya?

Aka rufe sanyi. Tankin da ya saba zama da raɓa a jiki kamar tulu, ya bushe ƙayau. Shi kuwa gas, in ya ji ɗumi ba ya zama a cikin lemo, fitowa yake ya taru a sama yana neman hanya. Allurar gejin awon iska da ke gaban tankin, wadda shekaru ba ta taɓa gusawa ba, ta fara hawa. Farfela ya jawo kujera, kujerata, ya zauna yana kallonta kamar mai kallon ɗansa yana koyon tafiya.

"Ka gani? Ya farka. Tashi, malalaci, tashi!"

Can sai ɗan bawul ɗin da ke saman tankin, wanda aka sa don ya rage iska in ta yi yawa, ya fara fito. Fiiii, ya yi shiru. Fiiii, ya yi shiru.

Dogo ya ce, "Kuka fa yake yi."

Farfela ya ce, "Kuka ko kirari? Kai ba ka san muryar tanki mai aiki ba."

Ranar hutu na je gaishe da Yaya. Na tarar da shi a falo ya baje a doguwar kujera, yana juya shayi da cokali, yana yi wa maƙwabcinsu lacca a kan yadda ya tarar da kamfani a sume ya yi masa allura. Fankar da ya kwance tana jingine a bayan ƙofa, kowa na fifita da kwali. Yaya ta ja ni kicin ta rage murya.

"Auta, tsakaninka da Allah, yaya aikin nasa?"

Na ce, "Yaya, abin da maigidanki ya yi wa tankin nan, tun da aka kafa kamfanin babu wanda ya taɓa yi."

Ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Na san yana da kai, wuri ne bai samu ba."

"Ai yanzu ya samu."

Ta ƙara mini nama a kwano, ta ce za ta ɗinka sabbin kaya ta zo ranar da za a tabbatar masa da mabuɗi. To me zan ce? In hana yayata ɗinki?

Da muka koma aiki, Farfela ya ɗebo lemo daga famfon gwaji na tsakiyar tankin, ya ɗebo wani daga bututun gindi, ya ɗaga kofunan biyu a haske. Na tsakiya garau, har kana hango yatsanka ta ciki. Na gindi kuwa laka. Wato duk da duka da ɗumi, bawan Allah tankin nan ya yi ƙoƙari ya yi aikinsa. Ni da na gani har zuciyata ta yi sanyi. Shi kuwa fuskarsa ta yamutse kamar an yi masa rasuwa.

"Ya rabu! Kun gani ko? Sama daban, ƙasa daban. A wurinmu wanda ya kawo wannan, ranar zai bar aiki."

Dogo ya ce, "A nan kuma ranar ake ba shi tukuici."

"Rufe mini baki, sandar rake! Jawo mini tiyon gas."

Tunda babu farfela, sai ya ƙirƙiro ta. Ya ɗaura tiyon a bututun gindi, daidai inda duk tsakin ya kwanta, ya buɗe gas ya tura ta ƙasa. Kai, abokina! Tankin ya yi wani gurnani daga ciki, gululu, gululu, kamar cikin ƙato ya sha ruwan rijiyar da bai saba ba. Bututai suka ɗauki rawa. Bawul ɗin sama ya bar fito ya koma ihu. Dogo ya tuna yana da uzuri a bayan gida. Farfela kuwa ya rungume tankin, ya manna kunne, ya lumshe ido.

"Yauwa, ɗan albarka. Juya. Juya mini."

Da ya gaji ya sake ɗebo kofi biyu. Wannan karon ko uwar da ta haife su ba za ta bambance su ba: dukansu kamar ruwan kwata bayan an yi ruwan sama. Ya ajiye su a tebur, ya ja da baya, har da ƙwalla.

"Sama da ƙasa, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai Harshe, zo ka sa harshen nan naka da ake ta yi mana burga da shi."

Na kurɓa. Allah ya isa tsakanina da wannan kurɓar. Ɗumi kamar an ajiye a rana, tsaki ya cika mini haƙora, gashin bakina ya kama dusa.

"Yaya ka ji?"

"Injiniya, wannan ba shan sa za a yi ba. Tauna shi za a yi."

Ya tafa hannu. "Ka ji ko! Abinci da abin sha a kwalba ɗaya. Wane kamfani ne ya taɓa yin haka?"

Dogo shaida ne, daga bakin ƙofa ya ji. Na faɗi gaskiya tsirara, mutum ya ɗauke ta ya ɗinka mata riga. Ni kuma ba a ba ni mabuɗi ba, balle in ce a tsaya.

Ranar da Hajiya ta dawo, tun da safe Farfela ya sa aka wanke daɓe, aka goge tankin har yana ɗaukar ido, aka kawo tebur da farin ƙyalle da kofunan gilashi. Yaya ta iso cikin sabon ɗinki, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa, aka ba ta kujera a gaba. Ana cewa motar baƙi ta shigo, sai ya ruga ya sake buɗe tiyon gas ɗin nan, ya ba tankin wani juyi na bankwana.

"Kada ya koma barci a gaban baƙo," in ji shi.

Allurar geji ta haye har ta jingina da ƙarshe.

Hajiya ta shigo, jaka a hannu, dila na biye da ita. Dilan nan, Tubarkalla, mutum ne mai faɗi. In ya tsaya a ƙofa, sai an kunna fitila. Fararen kaya ya sa, gugar tana yanka, takalmi na ƙyalli, da wayoyi biyu a hannu ɗaya. Hajiya ta ɗan tsaya ta saurara.

"Wannan ƙarar fa ta mece ce?"

"Ƙarar aiki ce, ranki ya daɗe," in ji Farfela. "Ba ki saba jin ta ba ne a nan."

Ya gyara hular kwano ya fara jawabi. Ya yi bayanin yadda ya tarar da ɗakin nan maƙabarta. Ya ce akwai wasu, ba zai kama suna ba, da suka mayar da gashin baki sana'a. Ya ce daga yau an daina jiran lemo, lemo ne zai riƙa jiran mutane. Yaya tana gyaɗa kai tana duban kowa, a tabbatar an san mijin waye.

Dila ya ce, "Malam, ni dai a ba ni in kurɓa, ina da wurin zuwa."

"Yanzu kuwa, Alhaji."

Ya ɗauki kofi, ya kara a famfon gwaji, ya murɗa. Shiru. Ya ƙara murɗawa. Wani ɗigo guda mai kauri ya leƙo, ya dubi jama'a, ya fasa fitowa. Tsakin da ya tayar ya taru ya toshe famfon tam.

"Kunya yake ji," in ji Farfela, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Bai saba da manyan baƙi ba."

Ya zaro wata siririyar wayar ƙarfe ya zura ya soka. Shiru. Ya hura da baki. Shiru. Gumi ya fara bin gefen hular kwano. Hajiya ta dubi agogo. Dila ya dubi Hajiya.

Yaya ta ce, "Abban yara, ko a bar shi ya huce?"

"Ke, wannan maganar maza ce. Dogo, sifana!"

Dogo ya miƙa sifana da tsawon hannunsa duka, sannan ya fita, ba gudu ba, amma tunda nake ban taɓa ganin ya yi sauri haka ba. Farfela ya kama gindin famfon, wai zai cire shi gaba ɗaya ya wanke ya mayar.

Na ce, "Injiniya, akwai iska a ciki fa."

"Iska ce ba mu gani ba? Mu da muka yi wasa da asid?"

To. Ni mutum ne mai girmama baƙo, ba na tsayawa a gaban manya. Sai na koma bayan dila na tsaya daidai tsakiyarsa.

Murɗa ta farko, famfo ya ce tsss. Ta biyu, ya ce tsssss. Ta uku ba shi ya yi ta ba, tankin ne ya ƙarasa masa. Famfon ya tashi kamar harsashi, ya wuce ta gefen kunnensa, ya fasa agogon bango. Bayansa kuwa sai ga lemo, kaurin cinya, ya taho a miƙe, yana taɓa iska yana zama kumfa. Ya share tebur da kofuna, ya wanke Yaya daga ɗankwali har takalmi, ya sami dila a ƙirji ya ce fal. Ni ta bayansa ƙarar kawai na ji, kamar ana ruwa a kan kwano.

"Kada kowa ya firgita!" in ji Farfela. "Gwaji ne!"

Ya danna babban yatsa a ramin. Lemo ya rabu biyar, kowa ya sami rabonsa, har Hajiya da ta laɓe a bayan jaka. Ya cire hular kwano ya kifa. Hular ta tashi sama, ba mu sake ganinta ba sai bayan kwana biyu a kan bututun rufi. Da dabara ta ƙare, sai ya juya ya manna mazaunansa a ramin, ya tokare ƙafafu a daɓe, ya buɗe hannuwa.

"Na riƙe shi! Hajiya, na riƙe shi!"

Ya riƙe shi kam. Sai dai lemon ya sami hanya ta ƙarƙashin farar rigar. Muna kallo rigar ta fara kumbura, ta kumbura, Injiniya ya zama kamar buhun auduga. Kumfa ta ɓullo ta wuya, ta ɓullo ta hannayen riga, ta ɓullo ta ƙafafun wando, biro uku suka fice ɗaya bayan ɗaya. Gemu ya fito masa, rawani ya fito masa. Sannan takalman roba suka ce su kam sun gaji. Suka zame, tankin ya tura shi, ya taho a zaune a kan daɓe, suuu, ya wuce ta gaban matarsa, ya shige ƙarƙashin tebur da farin ƙyallen a ka.

Yaya tana ta salati tana cewa, "Ina yake? Auta, ina yake?"

Na leƙo ta ƙarƙashin hammatar dila na ce, "Ga shi can yana duba aiki ta ƙasa."

Muka fice tsakar kamfani, kumfa na bin mu har waje kamar za ta raka baƙi. Ma'aikata suka fito daga kowane sashe, masu kwalba, masu lodi, matan ofis, har mai gadi ya bar ƙofa. Tankin bai yi shiru ba sai da ya amayar da duk abin da ke sama da ramin. Ƙudaje da zuma na unguwar kuwa kamar an aika musu katin gayyata.

Can sai ga wani abu ya fito daga ɗakin sanyi, fari-fari, ja-ja, yana tafiya ƙafa a warwatse, kamar tunkiyar da ba a taɓa yi wa aski ba. Kowane taku sai takalmi ya ce caɓal. Ya zo gaban Hajiya ya tsaya, ya share ido biyu da yatsa, ya ƙame.

"Ranki ya daɗe, kin dai ga ƙarfin kayan. Wancan tsohon lemon naku zai iya haka?"

Hajiya ta miƙa hannu. Ya gane. Ya laluba cikin kumfar wuyansa, ya ciro mabuɗin yana ɗiga, ya ba ta. Ni kuwa, don in rage mata wahala, na matso na buɗe tafin hannuna. Ta naɗe mabuɗin a hankici, ta jefa a jaka, ta ja zif. Sannan ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Kai kuma, Mai Harshe, me ya sa duk cikin waɗanda suka tsaya gaban tankin kai kaɗai ne kayanka a bushe?"

Ka ji zalunci? A ce mutum tsabtarsa ta zama laifi!

Duk wannan abin dila yana tsaye, fararen kayan nan sun koma ruwan ƙasa sun manne masa, yana matse hula. Ya ɗan lashi leɓe, ya tofar da tsaki, ya daɗe yana kallon Farfela, yana kallon kumfar da ta kai har tayar motarsa.

Ya ce, "Hajiya, lemo dai ban saya ba. Amma ina da wurin wankin motoci, kullum yarana kukan sabulu ba ya kumfa suke yi. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin mai kumfa irin wannan bawan Allah ba. Za ki ba ni aron sa?"

Hajiya ta ce, "Aro? Ɗauke shi kyauta, Alhaji. In haɗa maka da bokiti."

Ka san mutumin naka. Nan take ya miƙe wuya, ya gyara kwalar rigar da ke ɗiga, ya dubi matarsa, ya dube ni a wulaƙance, wato ga shi tun bai bar harabar ba manya sun fara rububinsa. Ya matsa kusa da dila, ƙudaje na yi masa rakiya.

"Alhaji, mu yi magana a fili tun yanzu, ni ba na karɓar ƙaramin muƙami. A matsayin injiniya za ka ɗauke ni?"

Dila ya kaɗa hularsa, ya ɗora a ka.

"A matsayin soso."